Filin Tambaya da Amsa: Tsohuwar Motar Tsere Tsakanin Kwalta da Fagen Gasa

Wasiƙun da suka iso wannan fili a wannan karo sun taru a kan batu guda, wato tsofaffin motocin tsere da ake tayar da komaɗarsu bayan sun shekara hamsin ko sittin, sannan a ce sun dace da hawa hanya kuma sun dace da shiga gasa. Mun zaɓi kaɗan daga ciki, mun taƙaita su ba tare da taɓa ma'anarsu ba.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina yawan ganin hotunan tsofaffin motocin tsere da aka gyara suka koma kamar sababbi, a ƙarƙashin hoton kuma a rubuta cewa motar ta hanya ce kuma ta gasa ce. Ni a sanina motar tsere daban, motar hawa daban. Shin da gaske mota ɗaya tana iya ɗaukar ayyukan nan biyu, ko kuwa daɗin bakin masu sayarwa ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Saninka daidai ne idan motocin yau kake nufi, domin motar gasar Formula 1 ba ta da fitilar gaba, ba ta da wurin zaman mutum na biyu, kuma cikinta ya yi ƙasa ƙwarai har ƙaramin tudun hanya yana iya tsayar da ita. Amma a shekarun 1950 da farkon shekarun 1960 ratar ba ta kai haka ba, saboda da yawa daga manyan gasannin wancan zamani a kan hanyar jama'a ake yin su. Gasar Mille Miglia ta Italiya, wadda aka fara a 1927, tana tashi daga garin Brescia ta gangara Roma ta juyo ta koma Brescia, tafiyar kimanin kilomita 1,600 ta tsakiyar garuruwa da kan tsaunuka, kuma duk motar da ke son ganin ƙarshenta sai ta kasance tana da fitilun dare, da tanki mai ɗaukar mai da yawa, da ƙafafun da za su jure gargada. A 1955 Stirling Moss da abokin tafiyarsa Denis Jenkinson sun gama wannan zagaye cikin awa 10 da minti 7 da daƙiƙa 48 a cikin Mercedes-Benz 300 SLR, matsakaicin gudunsu ya kusa kilomita 158 a awa, kuma babu wanda ya sake kamo su har aka daina gasar.

Haka abin yake a gasar awa 24 ta Le Mans a Faransa, inda doka ta wajabta wa motoci fitilu da kujera ta biyu, kuma wani yanki na fagen hanyar gari ce da ake rufewa don tseren. A farkon shekarun 1950 kamfanin Jaguar yakan tuƙo motocinsa daga masana'antarsa ta Coventry zuwa Le Mans a kan tayoyinsu, in ban da tsallaka teku. Bayan ya janye daga gasa a ƙarshen 1956, sai ya ɗauki ragowar motocinsa na D-type, samfurin da ya ci Le Mans a 1955 da 1956 da 1957, ya sa musu cikakken gilashin gaba da ƙofar fasinja da rufin tamfol, ya sa musu suna XKSS ya sayar da su don hawa hanya. Guda 16 aka kammala kafin gobarar Fabrairun 1957 ta cinye tara a cikin masana'antar. Ita ma Ferrari 250 GTO, wadda aka ƙera guda 36 tsakanin 1962 da 1964, lambar hanya take ɗauka kamar kowace mota. Don haka idan aka ce maka motar wannan zamani ta hanya ce kuma ta gasa ce, ba ƙarya aka yi maka ba, da haka aka haife ta.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, taura biyu ba ta taunuwa, kuma duk abin da aka ƙara wa motar don ta yi gaba a fage, daga jin daɗin hanya aka cire shi. Injin da aka shirya don gasa ana sa masa kamshaf mai buɗe bawul sosai ya kuma daɗe bai rufe ba, wanda ke sa ya yi ƙarfi idan yana juyawa da sauri, amma ya riƙa tari da karkarwa idan mota tana tsaye. Ka ɗauka ka fito da ita da sassafe. Kafin ta tashi sai ka taka totur sau biyu ko uku don kafiretoci su fesa mai, sannan ka zauna kana kallon allurar zafin baƙin mai har ta motsa, domin taka injin tsere yana sanyi shi ne hanya mafi sauri ta kashe shi. Giyar farko doguwa ce, kuloci kuma mai tauri ne wanda bai san sannu-sannu ba, ko ya kama ko ya saki. Da zarar ka shiga cunkoso, allurar ruwa za ta fara hawa, saboda da yawa daga irin waɗannan motoci ba a sa musu fanka ba, iskar gudu ce kaɗai ke sanyaya lagireto. Zafin akwatin giya yana dukan ƙafarka ta cikin siririn ƙarfe, ƙarar salansa ba ta barin ka ji maganar wanda ke gefenka, kuma idan ka daɗe kana rarrafe, fulogi sai su yi baƙi inji ya fara ɗauke wuta.

Ra'ayina shi ne, wanda ke son mota ɗaya ta yi masa aikin biyu, ya nemi irin waɗanda asalinsu motocin hanya ne aka shigar da su gasa, kamar Austin-Healey 3000 ko MGB ko Porsche 911 ta farko ko Alfa Romeo Giulia, ya kuma bar injin kusa da yadda kamfani ya fito da shi. Ba zai zo na ɗaya ba, amma zai tuƙa motarsa zuwa fage, ya yi tserensa, ya tuƙo ta ya dawo gida.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni bakanike ne, kuma ina da tambaya biyu. Idan aka kawo wa mutum irin wannan tsohuwar mota, ta ina ya kamata ya fara? Sannan idan aka canja mata inji, aka canja bodi, aka sake rabin shasi, shin har yanzu ita ce motar, ko kuwa wata sabuwa aka ƙera?

Amsa: Barka kadai, Malam, kuma tambayarka ta biyu ta taɓa kai manyan mutane gaban alƙali. Bari in fara da ta farko. Aikin ba da sifana yake farawa ba, da takarda da kyamara yake farawa. Kafin a kwance noti ɗaya, sai a karanta lambar shasi da ta inji da ta akwatin giya, a kwatanta su da kundin kamfanin da ya ƙera motar, domin kamfanoni irin su Jaguar da Porsche da Ferrari suna da sassan da ke ajiye waɗannan bayanai. Sai a nemo tsofaffin hotunanta a wuraren gasa da takardun waɗanda suka mallake ta a jere. Sannan a ɗauki hoton kowane lungu, kowane abu da aka cire a rataya masa takarda a ajiye shi, ko da ya lalace, saboda tsohon ƙarfen da ka jefar yau shi ne shaidar da za a nema bayan shekara ashirin.

Bayan wannan sai shasi. Kusan babu motar tsere da ta kai wannan shekaru ba tare da ta taɓa cin karo da wani abu ba, kuma gyaran da aka yi mata a lokacin gyaran gaggawa ne don ta samu shiga tseren mako mai zuwa. Saboda haka ana ɗaure shasin a kan teburin awo a duba ko ya karkace. Ƙafafu da sandunan sitiyari da cibiyoyin taya da karanshaf kuwa ido ba ya wadatarwa a kansu, sai an shafa musu jan rini mai kutsawa cikin tsaga ko an yi musu gwajin maganaɗisu da garin ƙarfe, sai ka ga siririn layi ya bayyana a jikin ƙarfen da ka rantse lafiyarsa ƙalau. Motocin Italiya da yawa an lulluɓe su ne da fallen alminiyum a kan ƙananan bututun ƙarfe, kuma inda waɗannan ƙarafa biyu suka haɗu da danshi, alminiyum ɗin yana rubewa daga ciki ya zama farin gari alhali fenti yana ta ƙyalli a waje. Fenti shi ne aikin ƙarshe, kuma ina jin takaici ƙwarai idan na ga motar da aka fara da shi.

Game da ko ita ce ko ba ita ba ce, akwai shari'ar da aka yi a babbar kotun London a 1990 a kan wata Bentley Speed Six da ake kira Old Number One, wadda ta ci Le Mans a 1929 da 1930. An sake mata siffa don tsere a fagen Brooklands, ta yi mummunan hatsari a 1932, aka sake gina ta, har ya zama kaɗan ne ya rage a jikinta daga abin da ya je Le Mans. Wanda ya yi cinikinta ya ce ba ita aka sayar masa ba. Kotu ta yanke cewa ita ce, domin tarihinta bai taɓa yankewa ba, kowane sauyi a kan motar da ke akwai aka yi shi, kuma babu wata mota daban da ke da haƙƙin wannan suna. Wannan ma'auni na tarihi marar yankewa shi ne abin da masu wannan harka suka fi dogara da shi har yau, kuma a ganina shi ne mai ma'ana, domin motar tsere ba ta taɓa zama abu ɗaya tsayayye ba, kullum ana cire mata wani abu ana sa wani.

Ƙungiyar FIVA, wadda aka kafa a 1966 don kula da tsofaffin ababen hawa, tana ɗaukar mota a matsayin ta tarihi idan ta kai shekara 30, aka kiyaye ta a kan siffarta ta asali, kuma ba ita ce motar zirga-zirgar yau da kullum ba. A 2013 ta fara aiki da ƙa'idojin da ake kira Yarjejeniyar Turin, waɗanda suka ce sauye-sauyen da aka yi wa mota a zamanin da take aiki wani ɓangare ne na tarihinta, sauyin da za a yi yanzu kuwa ya kasance wanda za a iya warwarewa, a kuma rubuta shi kada ya rikitar da na baya. Akwai kuma wata takarda da ya kamata ka sani, domin mutane da yawa suna ruɗuwa a kanta. Hukumar FIA mai kula da tseren motoci ta duniya tana ba da fasfon fasaha na motocin tarihi, wanda ake kira HTP, mai aiki na shekara goma. Abin da wannan fasfo ke shaidawa kawai shi ne, motar ta yi daidai da ƙirar da aka yi tsere da ita a wancan zamani. Ba ya shaida cewa ita ce ta asali, kuma motar da aka ƙera bara daga sababbin kaya tana iya samunsa. Kwafin da aka faɗi gaskiyarsa ba shi da laifi, kamfanin Jaguar da kansa ya sanar a 2016 cewa zai ƙera XKSS tara a madadin waɗanda suka ƙone. Laifin yana wurin wanda ya buga tsohuwar lamba a kan sabon ƙarfe ya yi shiru.

Tambaya: Malam, na ji ana cewa fetur ɗin yanzu yana lalata tsofaffin injuna. Gaskiya ne? Kuma me ya sa ake barin su da siraran tayoyi irin na da, alhali ga faffaɗa masu kama ƙasa?

Amsa: Gaskiya ne, ɗan'uwa, ta fuska biyu. Fetur ɗin da aka ƙera waɗannan injuna dominsa yana ɗauke da sinadarin dalma, wanda ke kare mazaunin bawul daga zaizayewa, kuma an daina sayar da shi ga motoci a duniya baki ɗaya tun 2021, lokacin da Aljeriya ta zama ƙasa ta ƙarshe da ta bar shi. Injin da kan silindarsa na baƙin ƙarfe ne, idan ana yi masa gudu mai zafi ba tare da dalma ba, bawul ɗin fitar hayaƙi yana cin mazauninsa sannu a hankali har inji ya rasa ƙarfi. Maganinsa shi ne a dasa masa mazaunai masu tauri a lokacin gyara, aikin da ba ya canja kamannin injin ko kaɗan. Fuska ta biyu ita ce etanol da ƙasashe da yawa ke gauraya wa fetur har zuwa kashi 10 cikin ɗari. Yana cin tsofaffin tiyo na roba, yana kuma jawo danshi ya tsatsar da tanki idan mota ta daɗe a ajiye, saboda haka sai an sake duk tiyon mai da irin wanda ke jure shi. Baƙin mai ma a nemi wanda aka yi don tsofaffin injuna, mai wadataccen sinadarin zink, domin kamshaf ɗinsu yana gogar ƙarfe da ƙarfe kai tsaye.

Batun taya ya fi yadda ake zato zurfi. Dokokin gasar tsofaffin motoci da yawa suna wajabta taya mai ƙira irin ta da, kamar wadda kamfanin Dunlop ke yi har yanzu, kuma ba don ado kawai ba ne. Tsohuwar taya tana fara zamewa a hankali, tana ba direba labari tun kafin ta kuɓuce. Faffaɗar taya ta zamani kuwa tana riƙe ƙasa da ƙarfin da ba a ƙera cibiyar taya da wayoyin gare da sandunan ƙafa don ɗaukarsa ba, kuma idan mota ta shiga kwana da gudu baƙin mai yana iya tarewa gefe guda famfo ya zuƙi iska, inji ya ƙone cikin daƙiƙu kaɗan. Shi ya sa masu hankali ke ajiye tayoyi kashi biyu, na hanya da na fage. Ka riƙa duba lambobi huɗu na ƙarshe a gefen taya, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar ƙira, domin motar da ba a yawan hawa tayarta tana tsufa ta bushe alhali zanenta bai ci ba. Kada kuma a manta da man birki, wanda ke shan danshi daga iska. Mizanin man birki da ake kira DOT 4 ya ce sabo kada ya tafasa ƙasa da digiri 230, amma idan ya sha ruwa yana iya saukowa wajen 155, kuma idan ya tafasa, za ka taka birki ƙafarka ta tafi ƙasa ba tare da mota ta rage gudu ba.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ƙanena ya ƙwallafa rai a kan shiga gasa da wata tsohuwar mota da ya gyara, ni kuwa hankalina bai kwanta ba. Don Allah ka faɗa mini gaskiya, yaya girman hatsarin yake?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Damuwarki tana kan hanya, kuma ba zan rage miki komai ba. Motocin wancan zamani ba a ƙera gabansu don ya lanƙwashe ya shanye ƙarfin karo ba, sandar sitiyarinsu ƙarfe ne miƙaƙƙe da ke fuskantar ƙirjin direba, kuma tankin mai sau da yawa yana daf da bayansa. A Le Mans a 1955 mota ta faɗa cikin 'yan kallo mutum fiye da 80 suka rasu. A 1957 tayar Ferrari ɗin Alfonso de Portago ta fashe kusa da ƙauyen Guidizzolo, shi da abokin tafiyarsa da 'yan kallo tara suka rasu, biyar daga cikinsu yara, kuma a nan Mille Miglia ta asali ta ƙare.

Sai dai ki tambaye shi wace irin gasa yake nufi, domin iri biyu ne kuma ba su yi kama ba. Mille Miglia da aka farfaɗo da ita a 1977 ba ta gudu ba ce, ta kiyaye lokaci ce, ana ba kowace mota daƙiƙun da za ta ci wani yanki na hanya a cikinsu, wanda ya fi dacewa da agogo shi ya ci, kuma dokar hanya tana kan kowa. Ɗaya nau'in shi ne tsere na gaske a rufaffen fage, kamar Goodwood Revival da ake yi a Ingila tun 1998 da Le Mans Classic da aka fara a 2002, inda motoci ke gogayya kafaɗa da kafaɗa. Wannan yana buƙatar lasisin tsere da gwajin likita, kuma kafin a bar mota ta shiga sai masu bincike sun duba bel mai ɗaure kafaɗu da ƙugu, wanda ke da wa'adin ƙarewa a jikinsa, da tukunyar kashe gobara, da makunnin da ke yanke wutar mota gaba ɗaya, da hular kwano da tufafi masu jure wuta, da kuma ƙarfen kariya a saman direba ga motocin da doka ta wajabta wa. Waɗannan su ne sauye-sauyen da ban yarda a yi jayayya a kansu da sunan kiyaye asali ba.

Akwai wani abu da ya kamata ki gaya masa tun da yana son hawa motar a hanya ma. Kejin ƙarfen da ke ceton ran mai hular kwano a fage yana iya fasa kan wanda ba shi da hula a ƙaramin karo a cikin gari, saboda haka sai an naɗe bututun da ke kusa da kai da soso mai tauri na musamman, an kuma tabbatar kujera ta nisanta kansa daga gare su. Shawarata ita ce ya fara da gasar kiyaye lokaci, ya nemi horo a fage tare da ƙwararre a gefensa, kuma kada ya taɓa gwada ƙarfin motar a hanyar jama'a.

Tambaya: Malam, wace takarda ake buƙata kafin irin wannan mota ta hau hanya?

Amsa: Kowace ƙasa da dokarta, ɗan'uwa, kuma fasfon gasa ba ya maye gurbin rajista. A Jamus, tun 1997, motar da ta kai shekara 30 kuma tana kan siffarta ta asali tana iya samun lamba mai harafin H a ƙarshe. A Birtaniya motar da ta wuce shekara 40 an ɗauke mata gwajin lafiya na shekara-shekara, muddin ba a yi mata babban sauyi ba, duk da cewa ni ina ganin gara mai ita ya kai ta gwajin da kansa. Abin da kusan ko'ina ake dubawa shi ne fitilu da oda da madubi da birki da ƙarar salansa. Ka kuma karanta takardar inshora da kyau, domin yawancin inshorar hanya tana daina aiki da zarar mota ta shiga fagen tsere, sai an sayi wata daban don ranar gasa.